Mutumin da Muka Kora Daga Fanfar

Mu goma sha uku ne a fanfar ɗin unguwarmu a shekarar da abin ya faru, ko da yake ba a cika ganinmu duka a wuri ɗaya ba sai ranar da za a ci shinkafa. Fanfar ita ce abin da mutanen ƙetaren iyaka ke kira badujala, ƙahonin ƙarfe da ganguna irin na soja. Amma mu ba soja ba ne. Ni tela ne, shagona yana Sabon Gari, tirombon nake busawa, doguwar nan da ake ja ana turawa. Mai babbar gangarmu mai walda ne. Akwai mushen lekol guda biyu, wato malaman makaranta, da direba, da masu ƙananan tireda.

Soja ɗaya ne a cikinmu, shi ma tsoho. Muna ce masa Shef. Ya yi rayuwarsa yana busa tirompet a bariki, da ya ajiye aiki ya dawo Maradi da ƙahonsa a cikin akwati, ya tara mu ɗaya bayan ɗaya ya koya mana. Sauran ƙahonin na wata makaranta ne da ta daina amfani da su, shi ya yi ta zarya har aka ba mu. Shi ke jan kowace waƙa, mu bi. Shi kuma ake samu idan ana son mu yi wasa a wani taro. In ya gama magana da masu taron sai ya faɗa mini, ni kuma in sa labarin a gurup ɗinmu na waya, don ni ne sakatare. Muna gwaji a filin wata lekol ranar Laraba bayan la'asar da ranar Lahadi da hantsi.

Wata Lahadi wani mutum ya zo a kan tsohon moto, wato babur, taɓo ya bushe a ƙafar wandonsa. Ya tsaya a gindin bishiyar bedi yana saurare har muka huta, sannan ya matso ya gaishe mu. Ya ce daga Jiratawa yake, noman rani yake yi, albasa da zogale. Ya tambaya ko za a ara masa tirompet ɗin da ya gani ajiye a kan benci, wadda babu mai busa ta.

Shef ya miƙa masa. Ya goge bakin ƙahon da gefen rigarsa, ya danna maɓallan sau biyu, ya busa. Ban manta ba. Matan da ke wucewa da tallar fura sai da suka tsaya a bakin katanga. Sauti ne siriri, tsaf, ba gargada, ya hau sama inda ko Shef ba mu cika jin ya kai ba. Sannan ya sauke ƙahon.

Shef ya ce, "Ina ka koyi wanga?"

Ya ce, "Can wajen yawon duniya, Baba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai kuma taɓa ƙarawa ba. Muka karɓe shi. Ba ya fashin gwaji, ba ya gardama, amma ba ya zama shan shayi da mu bayan an tashi. Yana rufe akwatin ƙaho zai hau moto. Wayarsa kuma takan yi ƙara ana tsakiyar waƙa, ya koma can bayan aji ya amsa a hankali.

Wata biyar da zuwansa muka fara rasa wasanni. Na farko bikin rufe shekara ne na wata lekol mai zaman kanta, za a zaga gari da ɗalibai a ƙafa. An riga an yi magana, na sa a gurup, mun yi gwajin sati biyu. Saura kwana uku Shef ya zo ya ce darektan ya canza shawara, fanfar ɗin garin Tsibiri, nan kusa da mu, zai ɗauko. Muka ce to, ai yana faruwa. Na biyu tarbar 'yan ƙwallon unguwa ce da suka ciwo kofi, za a taho da su a ƙasa tun daga bakin gari. Shi ma Tsibiri. Na uku shi ya fi mana ciwo. Wani babban Alhaji, cikin masu manyan motocin nan da ke kai da kawo tsakanin ƙasashe, zai aurar da ɗansa, yana son fanfar ta yi wa ango rakiya. Ni da kaina na ɗinka mana sababbin riguna masu jan kafaɗa, na bar ɗinkin mutane na kwana huɗu. Ranar bikin muna zaune a gidajenmu muka ga hoton 'yan Tsibiri a waya suna tafe gaban motar ango.

Mai walda ne ya fara furta abin da kowa ke juyawa a ransa. Mun zauna shayi, mutumin Jiratawa ya riga ya tafi, Shef ma ya tafi.

"Ku tsaya in tambaye ku," in ji shi. "Shekara nawa muna wasa, an taɓa ƙwace muna aiki? To yaushe aka fara? Wa ya shigo cikinmu kahin a fara?"

Ɗaya daga cikin mushen ya ce kada mu ɗauki alhakin mutum.

"Ni ban kama sunan kowa ba. Amma mutum shi iya busa haka, kuma shi ce wai yawon duniya? Wace duniya? Manomin albasa? Wa ya san gidansu? Wa ya taɓa ganin wanda yake magana da shi bayan aji?"

Sai mai walda ya juyo gare ni. "Tela, kai ke sa labari a gurup. Kai ka sa lambarshi ciki. Kai ya kamata ka sa mishi ido."

Gaskiya ban yi musu ba. Rigunan nan suna rataye a shagona, kullum ina kallonsu. Kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu: tun ranar da mutumin nan ya fara busa, na ji nawa busan ya zama kamar kukan jaki a kunnena. Shekara tara ina fama. Ban ƙi shi ba, amma da aka ce a sa masa ido, idona bai yi nauyi ba.

Daga ranar komai nasa ya zama abin lura a wurina. In ya yi murmushi in ce me yake wa dariya. In ya tambayi ranar wani wasa in ce me zai yi da ranar. Na lura yana karanta saƙon gurup da wuri, ba ya kuma cewa komai. Matata ta gaji da jin zancensa. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Maigida, in ya yi magana laifi, in ya yi shiru laifi. To mi kake so shi yi?" Na ce mata ba ta san sha'anin ƙungiya ba.

Lahadi ta uku da fara sa idon, da aka tashi, na ga bai bi hanyar Jiratawa ba. Ya karya ya nufi hanyar Tsibiri. Sai na ji wani irin daɗi a raina. Na hau motona na bi shi daga nesa, ina ɓuya bayan motocin kaya. Damina ce, gero ya kai ƙugu a gefen hanya. Da muka shiga Tsibiri ya bar gudron, wato kwalta, ya kutsa wani lungu, ya tsaya ƙofar wani gidan ƙasa, ya kwance wani ƙunshi daga bayan moto ya shiga ba tare da dogon sallama ba, kamar wanda ya saba.

Akwai wata tsohuwa mai saida kayan miya a bakin lungun. Na sayi daddawar da ba na bukata, na ce, "Inna, ina ne gidan mai fanfar a nan?"

Ta nuna da haɓa. "Lungun ga ne. Ga shi can ciki."

Ban tambaye ta wace ƙofa ba. Ban tambaye ta gidan wa mutumin ya shiga ba. Na juya moto na dawo Maradi, ban ko tsaya gida ba, na wuce garejin mai walda. Abin da na ce masa shi ne na ga mutumin ya shiga lungun mai fanfar ɗin Tsibiri da ƙunshi a hannu. Kafin la'asar labarin ya zaga kowa, lungu ya zama gida, ƙunshi ya zama takardun waƙoƙinmu. Na ji yadda aka canza maganar, ban gyara ba.

Ranar Laraba ba a buɗe akwatin ƙaho ko ɗaya ba. Muka zauna a kan bencinan 'yan lekol, Shef a tsakiya da sandarsa a kan cinya. Mai walda ya yi bayani, ya ce Tela ya gani da idonsa. Mutumin Jiratawa ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbatar ni ɗin ne.

"Ka bi ni har Tsibiri, Malam?"

Na ce na bi shi.

"Yayata ke aure a lungun nan. Wata shida tana kwance. Zogale na kai mata da magani. Mijinta ne ke kirana a waya. In kuna so mu tahi yanzu ku gan ta."

Mai walda ya yi dariya. "Duk faɗin Tsibiri, sai a lungun mai fanfar yayarka ta yi aure?"

"Ban zaɓa mata lungu ba."

Aka yi ta hayaniya. Wani ya ce ya rantse, wani ya ce rantsuwa ba ta da wuya a bakin mutanen yanzu. Babu wanda ya ce a je a ga yayar. Mutumin bai ƙara kare kansa ba, ya juya wajen Shef ya ce, "Baba, kai mi ka gani?"

Shef ya juya sandarsa a kan cinya. Sannan ya ce, "Abin da jama'a suka gani."

Mutumin ya tashi, ya buɗe akwatin tirompet ɗin, ya goge ta da ƙyalle tun daga baki har ƙarshe, ya mayar, ya ajiye a gaban Shef. Ya ce Allah ya bar zumunci. Motonsa sai da ya buga sau biyar kafin ya tashi, muna zaune muna kallo, babu wanda ya tashi ya tura masa. A wurin na cire lambarsa daga gurup.

Mun samu wata ɗaya da rabi na kwanciyar hankali. Muka yi wasa a wata suna da wani taron 'yan kasuwa, duka a zaune a ƙarƙashin rumfa. Sai aka gayyace mu rakiyar wani ango kuma, tafiya mai tsawo. Na sa a gurup. Kwana huɗu bayan haka, Tsibiri.

Daga nan fanfar ɗinmu ta zama wani wuri dabam. Mutum ba ya ajiye wayarsa a benci ya je fitsari. In biyu suna magana na uku ya matso sai a koma zancen ruwan sama. Direba yana kai fasinja Tsibiri kullum, sai aka fara kallonsa. Matar ɗaya mushen 'yar can ce, aka fara kallonsa. Mai walda ya ce ai korarren ne ya bar ɗan kunnensa a cikinmu. Daga baya na gano an buɗe wani gurup ɗin na mutum shida ban da ni, don an ce ni ne labari ke fara biyowa ta hannuna. Na ji zafi, amma ni ma a lokacin ina da sunaye uku da nake juyawa a raina. Ko a busa abin ya fito: kowa yana sauraren na kusa da shi, ba don su daidaita ba. Shef kuwa ya rage busawa a gwaji, ya ce yana son ya ji kurakuranmu da kyau, sai ya riƙa kaɗa mana sanda kawai.

Ana cikin haka, wata safiya ina yankan yadi, wani dattijo mai ƙiba ya yi sallama a shagona. Na san fuskarsa daga hotuna. Shugaban fanfar ɗin Tsibiri ne. Ya ce an gaya masa ni na ɗinka rigunan nan masu jan kafaɗa, yana son irinsu wa yaransa. Na ba shi kujera, na ɗauko tef ina auna shi don in samu abin yi da hannuna.

Ina auna kafaɗarsa ya ce, "Yaya jikin Shef? Ka gaishe min da shi. Wallahi mutumin kirki ne. Bana ya turo muna aiki ya kai huɗu. Shi da kanshi yake kirana, shi ce ku kun yi yawa da ayyuka, mu taimaka muku. Wannan zamani wa ke yi maka haka?"

Na ce ya ɗaga hannu in auna ƙirji. Na rubuta lambar, na sake aunawa, don ban ga abin da na rubuta ba. Na tambaye shi, kamar zancen banza, ko ya san wani mai busa daga Jiratawa. Ya ce yana ganin wani mai moto yana zuwa duba matar maƙwabcinsa, wadda ta rasu kwanan baya, amma bai san yana busa ba.

Bayan azahar na rufe shago na tafi gidan Shef. Na same shi a zaure kan tabarma, rediyo a gefensa. Ban iya doguwar gaisuwa ba. Na ce, "Shef, mai fanfar ɗin Tsibiri ya zo shagona. Ya ce in yi maka godiya."

Ya kashe rediyon. Bai tambaye ni godiyar me ba. Ya shiga cikin gida ya fito da ƙahonsa, ya zauna, ya kafa a baki. Sautin ya fito da kyau, ya riƙe shi kaɗan, sai ya fara rawa, ya tsage, ya koma iska. Ya sake, haka. Ya sa yatsa ya taɓa haƙoransa na gaba, na ga suna motsi.

"A zaune, in waƙar gajera ce, ina iya ɓoyewa cikin ƙararku," in ji shi. "Amma a tahe, cikin rana, ni a gaba, gari duka na kallo? Ko rabin hanya ba ni kaiwa. Numfashin ma babu."

Na ce, "To ai da ka ba mutumin Jiratawa gaba. Ya iya."

"Ya hi ni iyawa, ko lokacin da nake da haƙora." Ya ajiye ƙahon a kan cinyarsa. "Shekara arba'in ba a taɓa sa ni bayan kowa ba, Tela."

"Shi ya sa ka bari muka kore shi?"

"Ban ce ku kore shi ba."

"Ya tambaye ka, Shef. A gabanmu."

Ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "Kai kuma wa ya aike ka Tsibiri? Ka ga ƙofar da ya shiga?"

Muka zauna, akuya tana cin bawon gyaɗa a bakin zauren. Ya roƙe ni kada in faɗa wa sauran, ya ce shi zai faɗa da bakinsa idan ya samu lokacin da ya dace. Na fito ban yi masa alkawari ba, ban kuma ƙi ba. A hanya har na fara tunanin ko haƙoran ne kaɗai, ko akwai wani abu tsakaninsa da mutanen Tsibiri da bai faɗa ba. Zuwa lokacin zuciyata ta saba, ba ta iya jin magana ta bar ta yadda aka faɗe ta.

Ranar Juma'a da safe na tafi Jiratawa. Ban san gidansa ba, amma da na ce mai busa ƙaho, aka nuna mini garkarsa can ƙasa wajen gulbi. Na same shi cikin ruwa har idon sawu yana buɗe wa fangalin albasa hanya da fartanya. Ya gan ni, ya gama fangalin da yake yi, sannan ya hawo. Na yi masa ta'aziyyar yayarsa. Ya amsa. Na ce mun gano ba shi ba ne, na zo neman gafara, tawa ta fi ta kowa.

"Wane ne?" in ji shi.

Na ce ba zan iya faɗa ba tukuna.

Ya ɗan yi murmushi. "Ni an faɗi sunana gaban mutum goma sha biyu ba a ga komi ba. Shi an gani, ana ɓoye mishi." Ya wanke hannunsa a kanal, magudanar ruwan garkar. "Baba ne, ko? Ina tsaye kusa da shi wata da watanni, ina jin numfashinshi. Sau da yawa ni ke riƙe mishi sautin sama ba ku sani ba."

Na ce me ya hana shi faɗa ranar taron.

"In tona tsoho gaban yaranshi? Na ɗauka shi zai yi magana."

Na roƙe shi ya dawo. Ya ce ya yafe, har ga Allah, amma ba zai iya sake zama a bencin nan ba, zai riƙa tunanin wa ke bayansa in ya hau moto. Ya yanko mini zogale dami guda ya ɗaura a bayan motona da kansa, ya koma cikin ruwansa.

Shef bai taɓa samun lokacin da ya dace ba. Bayan kaka ya ce ƙafa ta dame shi, ya daina zuwa, ya aiko da ƙahonsa a ba ɗaya mushen. Wasannin suka dawo, amma babu mai iya jan waƙa kamar yadda ya kamata, sau biyu muka ji kunya a bainar jama'a, ba a sake kiranmu manyan wurare ba. Yanzu mu takwas ne.

Wani ya gan ni a Jiratawa ranar nan, wani kuma ya ga shugaban Tsibiri yana fitowa daga shagona da riguna sha biyar. Mai walda ya haɗa biyun. Bai taɓa faɗa mini a fuska ba, amma an karɓe aikin sakatare daga hannuna an ba direba, wai don in huta. Na san kalma ɗaya za ta wanke ni. Shef yana nan da ransa, nakan wuce in same shi a zaure, jikokinsa suna hawa kansa, mutanen unguwa suna tsayawa su sara masa da wasa. Na sha shirya maganar a bakina ranar Lahadi, in isa filin in fasa. Makon jiya ma da aka huta, na tashi zan sha ruwa, na waiwayo na ga mai walda ya matsa ya zauna inda zai iya hango fuskar wayata.